SHARHI: Tallafa wa Matasan Masu Binciken Lafiya da Makomar Asibitocinmu na Karkara

Idan ba a manta ba, a watan Janairun shekarar 2025 ne gwamnatin Amurka ta dakatar da akasarin tallafin da take bai wa ƙasashen waje, kuma zuwa watan Yulin shekarar aka rufe hukumar USAID, wadda ta shafe fiye da shekaru 60 tana ɗaukar nauyin ayyukan lafiya a ƙasashe masu tasowa, ciki har da Nijeriya. Abin da ya fi tayar wa jama'a hankali a lokacin shi ne makomar magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da gidajen sauro, da abincin yara masu fama da tamowa, kuma lalle abin a damu ne. To amma akwai wani fanni da guguwar ta taɓa wanda ba a cika jin labarinsa a majalisun hira ba, wato fannin binciken lafiya, domin kuwa a cikin shekarar ce ita ma hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta tsaurara ƙa'idojin tura kuɗi ga abokan aikinta na ƙasashen waje. Duk lokacin da kuɗin bincike ya ja baya, waɗanda kan fara ji a jikinsu su ne matasan masu bincike, waɗanda ba su riga sun yi suna ba, balle a riƙa neman su daga nesa.

Mai karatu da ke zaune a ƙauye, ko jami'in da ke kula da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, yana iya tambayar ina ruwansa da wannan batu, tunda a ganinsa bincike harka ce ta farfesoshi da jami'o'i. Amsar ita ce, babu wata ƙwaya ko allura da ake bayarwa a ɗakin shan magani na ƙauye wadda ba ta bi ta hannun masu bincike ba. Misali, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damina, sai da aka gwada shi a ƙasashen Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya, aka tabbatar da amfaninsa, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a shekarar 2012. Ba don wannan aiki ba, da yau babu wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar gidajenmu da wannan magani.

Masana sun kasa binciken lafiya kashi-kashi. Akwai wanda ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake nazarin ƙwayoyin cuta da sinadarai. Akwai binciken asibiti, wanda ake yi tare da majinyata bisa yardarsu, domin a gano ko magani yana aiki, da adadin da ya dace a sha, da kuma illolinsa. Sai kuma wanda aikinsa shi ne ya zama gada, ya ɗauko abin da aka gano a ɗakin gwaji ya kai shi gadon majinyaci, daga can kuma ya kai shi ga al'umma baki ɗaya. Wannan gada tana da tsawo ƙwarai, domin wani ƙiyasi da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000 ya nuna cewa akan ɗauki kimanin shekaru 17 kafin sakamakon bincike ya zama abin da likitoci ke aiki da shi yau da kullum. Idan haka abin yake a ƙasar da ta ci gaba, to sai mu auna yadda zai kasance a garin da babu likita ko ɗaya.

Darasi daga binciken amosanin jini

Domin mu fahimci abin da mai bincike na gida zai iya yi, ya kyautu mu dubi abin da ya faru game da cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu wannan cuta, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a kowace shekara. Ɗaya daga cikin mafi munin illolinta shi ne shanyewar ɓarin jiki a ƙuruciya, wanda kan sami kusan yaro ɗaya cikin goma idan ba a ɗauki matakin kariya ba. Iyaye da dama a karkara sukan danganta wannan lalura da iska ko sammu, alhali kuwa toshewar jijiyar jini ce a cikin ƙwaƙwalwa.

Tun a shekarar 1998 masu bincike a Amurka suka gano hanyar kariya. Akan auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro da wata na'ura mai aiki da sauti, idan aka ga gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, to yaron na cikin haɗari, sai a riƙa yi masa ƙarin jini kusan kowane wata, abin da ke rage haɗarin da kimanin kashi 90 cikin ɗari. Sai dai kuma duk wanda ya taɓa neman leda ɗaya ta jini a babban asibiti ya san cewa ƙarin jini duk wata ga dubban yara abu ne da ya fi ƙarfin iyaye, ya kuma fi ƙarfin asibitocinmu. Saboda haka aka shafe shekaru ilimin yana rubuce a mujallu, yaranmu kuwa suna ci gaba da nakasa.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da haɗin gwiwar takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka, su ne suka tsaya suka yi tambayar da ta dace da halin da muke ciki, wato ko ƙwayar hydroxyurea, wadda ake sha kullum a gida, za ta iya maye gurbin ƙarin jini. Sun fara da ɗan ƙaramin gwaji don ganin ko iyaye za su amince, kuma ko yara za su jure shan maganin. Daga nan aka yi babban gwaji a kan yara 220 masu shekaru 5 zuwa 12 a asibitocin Kano da Kaduna, aka kasa su gida biyu, wasu na shan miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu kuma miligiram 20. Sakamakon da aka wallafa a shekarar 2022 a ɗaya daga cikin mujallun Lancet, wanda sunan Dakta Shehu Abdullahi na Kano ya zo a farkon marubutansa, ya nuna cewa yara ƙalilan ne suka sami shanyewar jiki a ɓangarorin biyu, ba tare da wani bambanci mai yawa ba, ko da yake masu shan adadi mafi yawa sun fi samun sauƙin kwanciya a asibiti. Haka zalika a Kaduna, Dakta Halima Bello-Manga ta Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ta sami tallafin da Cibiyar Fogarty ta Amurka ke bai wa masu bincike da ke farkon aikinsu, inda ta mayar da hankali ga koya wa ma'aikatan jinya yin wannan awo, tunda ƙwararrun likitocin hoto ba su da yawa.

Wani misalin kuma shi ne na zubar jini bayan haihuwa, wanda ke kan gaba cikin abubuwan da ke hallaka mata masu jego. A shekarar 2023 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya shafi mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. An gano cewa idan aka shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a san ainihin jinin da ta zubar, sannan aka haɗa matakan magani gaba ɗaya maimakon bi ɗaya bayan ɗaya, to munanan sakamakon zubar jinin kan ragu da kashi 60 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne, an yi wannan aiki ne a asibitoci matsakaita irin waɗanda gwamnatocin jihohi ke gudanarwa, kuma unguwarzoma da ma'aikatan jinya da ƙananan likitoci ne suka riƙe shi dare da rana.

Inda gizo ke saƙa

Babu farfesan da aka haifa da furfura. Duk wanda muke alfahari da shi a yau ya taɓa zama matashi mai tambaya a ransa amma babu kuɗi a aljihunsa, sai wani ya riƙe hannunsa. Idan muka bi sawun matashin likita a ƙasar nan, za mu ga yakan yi shekaru shida a jami'a, da shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, da shekara ɗaya ta yi wa ƙasa hidima, sannan ya shiga horon ƙwarewa na shekaru biyar zuwa shida, wanda ba ya kammaluwa sai ya gabatar da kundin bincike. Mafi yawansu daga albashinsu suke biyan kuɗin gwaje-gwajen wannan kundi, shi ya sa sukan zaɓi tambaya mai arha a maimakon tambaya mai amfani. Da zarar an ci jarrabawa kuma, sai kundin ya koma kan kanta yana shan ƙura, likitan ya faɗa cikin layin majinyata da ba ya ƙarewa, ga kwanan asibiti, ga ɗawainiyar iyali.

A daidai wannan gaɓa ce ake asarar masu bincike. Manyan masu ba da tallafi sukan nemi mutum ya nuna ayyukan da ya wallafa a baya kafin su ba shi kuɗi, shi kuwa ba zai iya wallafa komai ba sai da kuɗi da lokaci. Wanda ya gaji da wannan zagaye yakan haƙura da bincike, ko kuma ya haɗa kayansa ya yi ƙetare. A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru, kuma a watan Agustan shekarar gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa ta musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Galibi akan yi maganar albashi da tsaro a matsayin dalilan tafiyar, kuma gaskiya ne, amma rashin damar ƙaro ilimi da yin bincike shi ma yana cikin abubuwan da ke kora haziƙai.

Ƙasashen da suka gane wannan matsala sun yi mata tanadi na musamman. A Amurka akwai rukunin tallafi da aka keɓe wa masu bincike da ke farkon aiki, wanda kan ɗauki shekaru uku zuwa biyar, ana biyan wani kaso na albashin mutum bisa sharaɗin ma'aikatarsa ta bar masa kashi 75 cikin ɗari na lokacinsa don bincike, a ƙarƙashin jagorancin wani gogaggen malami. A shekarar 2006 kuma suka ƙirƙiro wani shiri na bai wa manyan asibitocin koyarwa kuɗi don gina cibiyoyin binciken asibiti da horar da matasa. Hikimar da ke ciki ita ce, abin da matashi ya fi buƙata shi ne lokaci da jagora, sannan ɗan abin da zai fara tattara hujjoji da shi. A nan gida muna da asusun bincike na ƙasa a ƙarƙashin hukumar TETFund, amma gasar samunsa tana da zafi, kuma an tanade shi ne don malaman manyan makarantu, saboda haka likita ko ma'aikaciyar jinya da ke aiki a babban asibitin ƙaramar hukuma ba su cika samun shiga ba.

Batun amana

Akwai wani dalili kuma da ya sa samar da masu bincike 'yan gida ya zama wajibi, wato amana. Al'ummar Arewa ba za su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da annobar sanƙarau ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kuma hallaka fiye da 11,000. A tsakiyar annobar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun yi ƙorafin ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuwa ya musanta aikata laifi, har dai aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a shekarar 2009 kan dala miliyan 75. Tabon da wannan lamari ya bari yana cikin abubuwan da suka rura wutar shakku a kan allurar shan inna a shekarar 2003, inda aka dakatar da rigakafin a wasu jihohi har zuwa 2004, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Sai da aka yi shekaru ana aiki tare da sarakuna da malamai kafin a kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020.

Tun daga wancan lokaci an gyara dokoki. An fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a shekarar 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta tanadi kwamitin da ke sa ido a kan ƙa'idojin. A bisa wannan tsari, ba a sa kowa cikin bincike sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya kuma amince don kansa, yana da 'yancin ficewa duk lokacin da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba. Amma fa doka ba ta aiki da kanta. Mai binciken da ya tashi a cikinmu, yake jin harshenmu, ya san kunyar mai jego da matsayin mai unguwa, kuma ya san gobe zai haɗu da iyayen yaran a masallaci ko a kasuwa, shi ne ya fi cancanta ya riƙe wannan amana.

Abin da ya rage gare mu

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a shekarar 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, a taron Bamako na 2008 kuma aka yi kira da a keɓe aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kasafin ma'aikatun lafiya don bincike. Abin da ya faru a 2025 ya tuna mana maganar masu iya magana cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci wata rana zai kwana da yunwa. A ganinmu, akwai matakan da ba su fi ƙarfin jiha ko ƙaramar hukuma ba.

Da farko, ya kamata ma'aikatun lafiya da hukumomin kula da asibitoci su duba yiwuwar kafa ɗan ƙaramin asusu na shekara-shekara, wanda za a riƙa bayarwa ta hanyar gasa a fili, ga likitoci da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna da masu gwajin jini da ke farkon aikinsu. A bar masana daga jami'o'i su tantance masu nema, domin idan aka bari alfarma da sanayya suka shiga, to an kashe shirin tun yana jariri. Na biyu, a keɓe wa wanda ya ci gasar ranaku a cikin mako da zai yi aikin bincikensa, a kuma daina yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar aikin. Mun san shugaban asibitin da ke da likita biyu kacal zai ce wannan abu ne mai wuya, kuma yana da hujja, shi ya sa ya kyautu a fara da wurare kaɗan, a kuma tsara wanda zai riƙe layin majinyata a waɗannan ranaku. Na uku, a ƙulla yarjejeniya tsakanin asibitocin jiha da asibitocin koyarwa, ta yadda kowane matashi zai sami gogaggen malami da zai riƙa duba aikinsa. Bugu da ƙari, a yi wa mata masu bincike tanadin da zai hana haihuwa da raino su yanke musu hanya, domin akwai tambayoyin da mace ba za ta amsa wa namiji ba.

Su kuwa shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an lafiya a matakin farko, babbar gudummawarsu ita ce kyautata rijista. Littafin awon ciki, da na haihuwa, da na rigakafi, da na mace-mace, su ne jarin farko na kowane mai bincike, kuma idan aka cika su da ƙiyasi a ƙarshen wata don kawai a aika rahoto, to duk abin da aka gina a kansu rusasshe ne. Ya kamata mu tuna cewa gubar dalma da ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010 an gano ta ne bayan da ma'aikatan lafiya suka lura da yawan mutuwar yara a wasu ƙauyuka, suka bi diddigi. Ido mai lura da rubutu na gaskiya su ne mafarin bincike. Haka kuma jami'an ƙananan hukumomi ne suka fi sanin tambayoyin da ke buƙatar amsa, kamar dalilin da ke sa mata su je awo amma su haihu a gida, ko abin da ke sa amai da gudawa ke komawa unguwa ɗaya kowace damina. Ya dace su riƙa rubuta irin waɗannan tambayoyi suna miƙa wa ma'aikatar lafiya.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, muna kira da idan masu bincike suka zo, a karɓe su, amma a tambaye su takardar amincewar kwamitin ƙa'idojin bincike da ta ma'aikatar lafiya, a nemi cikakken bayani a kan abin da za su yi, a kuma sa musu sharaɗin su dawo su faɗa wa jama'a abin da suka gano. Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Su ma masu hannu da shuni da ke gina ɗakunan kwanciya a asibitoci don neman lada, ya kyautu su san cewa ɗaukar nauyin binciken matashi ɗaya na shekara biyu ko uku sadaka ce da amfaninta ka iya kai wa ga yaran da ba a haifa ba tukuna.

Daga ƙarshe, muna jan hankalin matasan ma'aikatan lafiya da kansu da su riƙe gaskiya a cikin alƙalumansu, su nemi jagora tun da wuri, su kuma zaɓi tambayoyin da suka shafi cututtukan da ke cika gadajen asibitocinmu. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma farfesan da zai jagoranci binciken lafiya a jiharmu nan da shekaru 20 yana nan yau yana kwanan aiki a wani babban asibiti. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kuma yi wa shugabanninmu jagora, amin.